YADDA A KE ƊORA GUNGUME BISA INJIN TSAGA KATAKO

Ya kai mai karatu, in kana da ƙaramin injin tsaga katako a Birnin Kebbi ko Argungu, ko kuwa kana nufin saye, akwai magana guda da ya kamata ka yanke tun ba ka kafa shi ba, watau yadda gungume zai tashi daga ƙasa ya hau gadon injin. A nan ne ƙafa ta kan karye, a nan ne kuma inji ya kan lalace.

Irin wannan inji mai zarto kamar ɗamara ya yaɗu a duniya tun daga 1982, sa'ad da kamfanin Wood-Mizer na Amurka ya fara sayar da shi. Gungume yana kwance wuri ɗaya, kan injin ne ke tafiya bisa ƙarafa biyu kamar jirgin ƙasa bisa dogo. In gungume ya faɗo wa ƙarafan nan da ƙarfi suka lanƙwashe, to, ko wane katako ka tsaga zai fito a karkace, kafinta kuwa ba zai saya da daraja ba.

NAUYIN GUNGUME

Da farko ka san abin da ka ke shirin ɗagawa. Ɗanyen gungumen maɗaci mai tsawon ƙafa 12, wanda faɗin bakinsa ya kai inci 20, ya kan yi kilo 600 zuwa 700. Wannan daidai ya ke da buhun siminti 12 zuwa 14. Ƙirya ta fi haka nauyi. Saboda haka kada ka tara ƙarti su ciccibe shi. Da ɗaya ya yi tuntuɓe, nauyin duka sai ya koma kan sauran.

HANYA TA FARKO: SANDUNA BIYU

Ka sami sanduna biyu masu ƙwari, ko wace ƙafa 8, ka jingina su ga gadon, ka ɗaure kawunansu tam. In tsayin gadon ƙafa 2 ne, mirgina gungume bisa wannan hawa kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na nauyinsa ya ke bukata, watau kamar kilo 175. A mirgina shi da sanda mai ƙugiya, a riƙa tokare shi da guntun itace a ko wane taki. Hanyar nan ba ta da tsada, amma aibinta shi ne mutane suna tsaye ƙarƙashin kaya. Ta dace da ƙananan gumagumai, irin na turare da dogon yaro.

HANYA TA BIYU: SANDUNA DA IGIYA

Ka bar sandunan nan yadda su ke. Ka ɗaure bakin igiya biyu ga gadon, ka zura tsakiyarta ta ƙarƙashin gungume, ka zagayo da ita ta bisansa, sa'an nan a ja daga wancan gefen injin. Gungume zai yi ta birgima cikin igiyar yana hawa. Da yake gadon ya riƙe rabin nauyin, abin da ya rage ga masu ja bai fi kilo 90 da 'yan kai ba. Mutum uku ko huɗu sun isa, ko shanun huɗa in sun horu. Babban amfaninta, ba kowa a bayan gungume. In igiya ta tsinke, ƙasa zai koma, ba kan mutum ba. Lalle ka duba igiyarka ko wace safiya.

HANYA TA UKU: DAKALI

In injinka wuri ɗaya zai zauna, ka gina dakali a gefensa, tsayinsa daidai da gadon, ka yi masa hawa ta baya inda amalanke za ta sauke. Daga nan mutum biyu sai su mirgina gungume a miƙe, ba ɗagawa. Waɗansu su kan haƙa rami su sauke injin ciki don gadon ya yi daidai da ƙasa. Kada ka yi haka kusa da fadama. Gulbin Kabi ya kan cika ya tumbatsa a ƙarshen damina, ba a kuwa manta da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ba. Ka nemi tudu.

HANYA TA HUƊU: SARƘA KO TARAKTA

Akwai sarƙar ɗaga kaya, irin wadda makanikai ke ciro injin mota da ita. A kan rataya ta ga ƙarafa uku da aka haɗa kawunansu. Tana ɗaga babban gungume, sai dai da jinkiri, kuma kada kowa ya sa hannu ƙarƙashin abin da ke rataye. Tarakta mai hannuwa ta fi duka sauri, amma kuɗin haya da na mai ba su fita sai ga mai tsaga gumagumai da yawa kullum.

WACE ZA KA ZAƁA?

Ka dubi abu uku: girman itacen da ka saba samu, yawan mutanenka, da ko injin zai riƙa ƙaura. Mai ƙaura daga gona zuwa gona ya riƙe sanduna da igiya. Mai zama wuri ɗaya ya gina dakali, ya ajiye igiya saboda ranar babban gungume.

Ko wace ka ɗauka, kada ka ja gungume cikin rairayi, gama yashin da ya shige ɓawo shi ke dakushe zarto. Itacen cikin gari kuma a bincike shi, an sha samun ƙusa a jikinsa.

Daga ƙarshe, kada ka ɗora gungumen da ba shi da takardar izni daga ma'aikatan gandun daji. Ƙasarmu tana bakin hamada, maɗaci kuwa ya kan yi shekaru masu yawa kafin ya isa tsagawa. In ka sare ɗaya, ka dasa waɗansu da farkon damina, ka yi musu shinge saboda awaki, domin ɗanka ya sami abin da zai ɗora wa injin nan bayanka.