Aron Kiɗa: Bashin da Mawaƙan Zamani Suka Ci Wurin Makaɗan Dauri

Duk wanda ya zauna a shagon aski ko ya shiga motar haya a ƙarshen shekarun 1990 ya san muryar Celine Dion. Kaset ɗinta ya zaga zango-zango, har waɗanda ba su jin Turanci suna bin amshi. Cikin waƙoƙin da ta fitar a 1996 akwai "All by Myself". To, mai karatu, waƙar nan ba tata ba ce, kuma shi ma mai ita aro ya yi. Wani mawaƙin Amurka ne, Eric Carmen, ya fitar da ita a 1975, ya ɗauko karin baitocinta daga wani kiɗan piyano da Sergei Rachmaninoff, mutumin Rasha, ya kammala a 1901. Carmen ya ɗauka kiɗan ya zama na kowa da kowa. Ashe ba haka ba ne, domin Rachmaninoff bai rasu ba sai 1943, magadansa kuma suna nan. Daga ƙarshe aka daidaita a kan ya riƙa ba su kashi 12 cikin 100 na kuɗin waƙar.

Irin kiɗan su Rachmaninoff shi ne kiɗan dauri na Turawa, wanda ake rubutawa a takarda da alamomi kamar yadda muke rubuta magana da haruffa. Saboda rubutun nan, makaɗi zai mutu da shekara ɗari biyu amma a buga abinsa yadda ya tsara. Wannan ne ya sa aronsa ke da sauƙi. A yawancin ƙasashen Turai haƙƙin mallaka yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi, don haka Johann Sebastian Bach na Jamus, wanda ya rasu a 1750, ba ya bin kowa ko kwabo.

Waɗanda suka fi fito da wannan aro fili su ne samarin Liverpool huɗu, wato Beatles. Babu ɗayansu da ya iya karanta alamomin kiɗa. Amma mai kula da ɗaukar faifansu, George Martin, ya yi karatun piyano da sarewar obo a makarantar Guildhall ta London. Shi ya shawo kan Paul McCartney a 1965 aka sa masu gogen Turawa huɗu a "Yesterday". A 1966, cikin "Eleanor Rigby", masu goge takwas ne suka yi kiɗan gaba ɗaya, babu jita, babu ganga, 'yan ƙungiyar murya kawai suka sa.

Labarin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne na "Penny Lane". A watan Janairun 1967 McCartney yana kallon talabijin ɗin BBC, sai ya ga ana buga wani kiɗan Bach, na biyu cikin jerin Brandenburg, ya ji wani ƙaramin ƙaho mai siririyar murya. Aka nemo mai busa, David Mason. McCartney yana rera abin da yake so da baki, Martin yana rubutawa, Mason yana busawa. Ladansa fam 27 da sule 10. Waƙar ta zaga duniya, a jikin faifan kuwa sunan Lennon da McCartney ne. Ba na cewa an cuce shi, don aikin kwana ɗaya aka kira shi ya yi. Sai dai kunnen mai sauraro ya fi riƙe wannan busa fiye da baitoci da yawa.

Wani bai yarda da ladan yini ba. A shekarar nan ta 1967 ƙungiyar Procol Harum ta fitar da "A Whiter Shade of Pale", wadda ta sayar da miliyoyin faifai. Abin da ya ɗaga ta shi ne kiɗan ogan irin na coci da Matthew Fisher ya buga, amma sunansa bai fito cikin masu waƙar ba. Sai a 2005 ya kai ƙara. A 2006 babbar kotun London ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2008 ya makara, ba zai karɓi kuɗi ba, sannan Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta mayar masa da haƙƙinsa a watan Yulin 2009.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, kiɗan ogan ɗin da lauyoyi suka yi shekara huɗu suna jayayya a kansa, bisa sawun Bach aka ɗora shi, kuma babu ɓangaren da ya musa hakan.