Daga ɗan ɗaki a Belfast zuwa taron duniya: Yadda masoya labaran kimiyya suka kafa kansu a Ayilan

A daren 18 ga Agustan 2019, a wani katafaren zaure da ke bakin kogin Liffey a birnin Dublin, aka sanar da littafin matasa da ya fi fice a wannan shekara cikin ƙagaggun labaran kimiyya da na almara. Littafin Tomi Adeyemi ne ya ci, wato Children of Blood and Bone. Marubuciyar 'yar Amurka ce amma iyayenta 'yan Najeriya ne, kuma daga al'adun Yarbawa ta ɗebo ƙashin bayan labarin. Shekara guda kafin nan, lokacin da aka fara ba da wannan kyauta, Nnedi Okorafor ce ta ɗauka, ita ma 'yar asalin ƙasarmu.

Da yawa a cikinmu ɗalibai mun ji sunayen nan, wasu ma sun karanta littattafan a waya. Amma kaɗan ne suka taɓa tambayar su wa suka zaɓe su. Masu karatu ne irinmu, waɗanda suka biya kuɗin rajista suka kaɗa ƙuri'a. Haka shi kansa taron, wanda ya tara mutum sama da 5,000 na tsawon kwana biyar, 'yan sa-kai ne suka shirya shi, ba wanda aka biya albashi. Shugaban kwamitin shirya taron, James Bacon, direban jirgin ƙasa ne.

Taron ana kiransa Worldcon. Tun 1939 aka fara shi a New York, yana zagayawa gari-gari, kuma a wurinsa ake ba da kyautar Hugo, wadda duk marubucin irin waɗannan labarai yake mafarkin samu. Bai taɓa sauka a Ayilan ba sai a 2019. Tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, idan an haɗa kudancinsa da arewacinsa, mutanensa wajen miliyan 7 ne, ba su kai na jihar Kano ba. To yaya aka yi suka iya ɗaukar baƙuncin duniya? Amsar tana wani gida a Belfast, shekara 70 kafin wannan dare.

Mutum uku da injin ɗab'i na hannu

A 1947 wasu samari biyu na birnin Belfast, Walt Willis da James White, suka gano juna ta shafin wasiƙun masu karatu na wata mujallar labaran kimiyya da ake bugawa a Ingila. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne mai wannan jaraba a garin. Willis ma'aikacin gwamnati ne, White kuwa yana aiki a shagon sayar da tufafi. Suka fara haɗuwa a gidan Willis, a wani ɗan ɗaki da ke can ƙololuwar bene. Daga baya Bob Shaw ya shigo, sai wasu ƙalilan suka biyo baya.

A 1948 suka fito da 'yar mujallarsu mai suna Slant. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, mu da muke buga shafi goma a waya kafin a gama lacca. Da suka samu ƙaramin injin ɗab'i na hannu, harafi ɗaya-ɗaya suke jerawa da yatsa har shafi ya cika. Hotunan kuwa White ne yake sassaƙa su da wuƙa a jikin ledar daɓen ƙasa, a shafa tawada a danna a takarda. Idan an gama a zuba a ambulan a aika Ingila da Amurka ta gidan waya. Ba riba suke nema ba. Sau da yawa abin da suke samu a madadi shi ne wasiƙa, ko kwafin mujallar wani mai irin jarabarsu. Da aikin ya yi musu yawa sai suka koma injin gurza takardu, suka fara wata mujallar mai suna Hyphen a 1952, wadda ta fi ta farko barkwanci.

Wani abu da ya ja hankalinmu shi ne garin da abin ya faru. Belfast birni ne da aka raba shi tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta: unguwa daban, makaranta daban. White ɗan Katolika ne, Willis da Shaw daga ɗaya ɓangaren suka fito. Duk da haka a ɗaki ɗaya suke zama suna musu a kan jiragen sama-jannati, suna shan shayi. Har wani wasa suka ƙirƙiro a ɗakin, na bugun ƙwallon gashin tsuntsu da guntun kwali, wanda kusan ba shi da doka. Da rikici ya ɓarke a Ayilan ta Arewa a ƙarshen shekarun 1960, aka shafe kusan shekara 30 ana zubar da jini, abotarsu ba ta rabu ba.

Ana ganin alamar wannan a rubutun White. Ya so ya zama likita amma hali bai yi ba, sai ya gina asibiti a takarda. Jerin littattafansa da aka sani da Sector General labarin wani makeken asibiti ne a sararin samaniya, inda likitoci daga duniyoyi daban-daban suke jinyar halittun da ba su taɓa gani ba: wani yana shaƙar iskar da za ta kashe ɗan Adam nan take, wani a ruwa yake rayuwa. A lokacin da akasarin labaran kimiyya suke cike da bindigogin haske da yaƙin taurari, shi jarumansa likitoci ne da ma'aikatan jinya, abokin gabarsu kuma cuta ce da rashin fahimtar juna. A ganinmu ba abin mamaki ba ne a ce mutumin Belfast ne ya rubuta haka.

Shi kuwa Shaw, a 1966 ya rubuta gajeren labarin da har yau ake sa shi cikin mafiya kyau, Light of Other Days. Ya ƙago wani gilashi wanda haske yake ɗaukar shekaru kafin ya ratsa shi. Idan aka kafa shi yana kallon tsauni da tafki na shekara goma, sai a cire a sayar wa mutumin birni, ya sa a tagarsa ya yi shekara goma yana kallon wannan tsaunin. Wasu mata da miji suka je saye a wurin wani manomin gilashi, suna hango matarsa da ɗansa ta tagar gidan. Sai daga baya suka gane cewa matar da yaron sun mutu shekaru da suka wuce, hasken da ya maƙale a gilashin ne mutumin yake zaune yana kallo. Shafuka kaɗan ne, babu roka, babu dodo.

Kuɗin jirgi na karo-karo

Barkwancin Willis ya shiga ran masu karatu a Amurka har suka yi karo-karo suka biya masa kuɗin tafiya taron Worldcon na Shikago a 1952. Wannan gudummawa ce ta haifi wani asusu a shekarar da ta biyo, mai suna TAFF, wanda har yanzu yana nan. Masoya suna kaɗa ƙuri'a su zaɓi mutum ɗaya, a tura shi taro a ɗaya gefen tekun Atlantika, idan ya dawo ya riƙe asusun har a zaɓi na gaba, ana kuma sa ran ya rubuta labarin tafiyarsa. A 2004 wanda aka zaɓa ya je taron Boston shi ne James Bacon, direban jirgin nan da ya shugabanci taron Dublin bayan shekara 15.

Mutanen ukun ba su ga ranar ba. Shaw ya mutu a 1996, White da Willis kuma a 1999, watanni biyu tsakani.

A kudu, wato Jamhuriyar Ayilan, abin ya ɗan makara. Dokar da gwamnati ta yi a 1969 ta yafe wa marubuta da masu zane haraji ta jawo manyan marubuta daga waje, irin su Anne McCaffrey, mace ta farko da ta ci Hugo a ƙagaggen labari, wadda ta baro Amurka ta zauna a yankin Wicklow. Samun irin waɗannan a kusa ya sauƙaƙa wa masu shirya taro neman baƙi. A 1990 aka fara Octocon, taron ƙasa na shekara-shekara da ake yi a watan Oktoba, kuma Terry Pratchett ne babban baƙon farko.

Idan aka ce taron masoya, kada a zaci fim kawai ake kallo. A Octocon ana yin zaman tattaunawa inda marubuci da malamin kimiyya da ɗalibi za su zauna a teburi ɗaya, masu sauraro suna jefo tambaya. Akwai ɗakin masu sayar da littattafai da zane, akwai gasar shiga irin ta jaruman labari, akwai koyar da rubutu. Mutum ɗari-ɗari ne suke zuwa, ba dubbai ba. Amma a nan ne mutane suka koyi yadda ake cinikin zaure da otal, yadda ake tsara jadawali, yadda ake riƙe kuɗin jama'a a ba da lissafi. Dublin ta karɓi taron masoya na nahiyar Turai a 1997, ta sake karɓa a 2014, kafin a 2017 a birnin Helsinki a kaɗa mata ƙuri'ar Worldcon.

Ɓangaren da ya fi kusa da mu shi ne na jami'o'i. Ƙungiyoyin ɗalibai ne suke gudanar da tarukan wasannin teburi da na kwaikwayon jarumai: Warpcon a Cork, Leprecon a kwalejin Trinity ta Dublin, Q-Con a jami'ar Queen's ta Belfast. 'Yan shekara 19 da 20 ne suke riƙe asusu, suna neman zaure, suna gayyato baƙi, sannan su miƙa wa 'yan baya idan sun gama karatu. Gwanjon taimakon mabukata da ake yi a tarukan wasanni na Ayilan ya yi suna har ya ci kyautar Diana Jones a 2006, wadda ake ba abin da ya fi fice a duniyar irin waɗannan wasanni. Mu da ƙungiyar sashenmu take watsewa a kan kuɗin riga, wannan ya ɗan sosa mana rai.

Kwana biyar a Dublin

Taron 2019, wanda shi ne na 77, bai tafi sumul ba. Zauren ya yi wa jama'a kaɗan, aka riƙa yin dogon layi kafin a shiga kowane zama, wasu su tsaya su ƙare ba su samu kujera ba. An raba wasu shirye-shiryen zuwa wani gini da sai an yi tafiya ko an hau jirgin cikin gari. A daren kyaututtuka kuma na'urar da take mayar da magana rubutu a allo domin masu matsalar ji ta riƙa kwaɓa sunayen littattafai, mutane suna dariya a inda bai kamata ba.

Cikin manyan baƙi akwai Jocelyn Bell Burnell, masaniyar taurari 'yar Ayilan ta Arewa. A 1967, tana ɗalibar digiri na uku a Cambridge, ta gano wani nau'in tauraro mai aiko da siginar rediyo a kai a kai kamar bugun zuciya. Da aka ba da kyautar Nobel a kan aikin a 1974, malaminta aka ba, ita ba a sa sunanta ba.

Abin da aka fi tunawa da shi a daren shi ne jawabin Jeannette Ng, marubuciya haifaffiyar Hong Kong. Ta ci kyautar sabon marubuci, wadda a lokacin take ɗauke da sunan John W. Campbell, tsohon editan da ya yi ƙarfi a fagen a Amurka. Da ta hau dandamali sai ta soki mutumin a fili a kan ra'ayoyinsa na wariyar launin fata da danniya, ta ce ya bar gadon da ya rufe wa irinta ƙofa. Wasu suka tafa, wasu suka ga rashin ladabi ne. Kafin mako biyu ya cika, kamfanin da yake ɗaukar nauyin kyautar ya cire sunan Campbell, ta koma Astounding Award. Mun yi musu a kan wannan a tsakaninmu, kuma yawancinmu suna ganin ta yi daidai, tunda ita aka miƙa wa abin da sunan a jiki.

Mako guda bayan nan jama'a suka ɗunguma Belfast domin taron nahiyar Turai, wanda masu shirya TitanCon suka karɓa. Wannan ƙungiya ta samo asali ne daga masoyan Game of Thrones, shirin da aka ɗauki kaso mai yawa nasa a Ayilan ta Arewa.

Akwai wata tambaya da mutanen Ayilan suke fama da ita wadda mu ma ta shafe mu: da wane harshe za a yi mafarkin gobe? Kusan duk abin da muka lissafa da Turanci aka yi shi, alhali suna da harshensu na gado, wanda masu magana da shi kullum ba su da yawa. Duk da haka Cathal Ó Sándair ya rubuta wa yara labaran wani kyaftin ɗin sararin samaniya da wannan harshe a farkon shekarun 1960, an fassara The Hobbit zuwa cikinsa a 2012, kuma a 2018 Jack Fennell ya tattara tsofaffin labaran kimiyya na ƙasar a littafi ɗaya, har da waɗanda ya fassaro daga harshen. Mu namu Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito tun 1969, da harshen da miliyoyi suke magana da shi, amma a ajinmu waɗanda suka karanta shi ba su cika hannu ɗaya ba.

Annobar korona ta tura Octocon intanet a 2020, daga baya ya dawo zaure. Tsadar otal a Dublin tana matsa wa ƙananan taruka lamba, kuma kowace shekara sai an sake neman waɗanda za su yi aikin kyauta. A watan Afrilun 2025 Belfast ta karɓi Eastercon, taron ƙasa na masoyan Birtaniya, karo na farko da aka kai shi Ayilan ta Arewa. Yanzu kuma masoyan Ayilan sun shiga takarar dawo da Worldcon Dublin a 2029. Za a kaɗa ƙuri'ar a taron 2027 da za a yi a Montreal ta Kanada. Ba sai mutum ya je wurin ba kafin ya samu ƙuri'a: duk wanda ya sayi rajistar zama mamba ta intanet, wadda a 'yan shekarun nan take kusan dala 50, yana iya gabatar da littafi a takarar Hugo ya kuma zaɓa, ko daga Zariya yake ko daga Zinder. Zaɓen garin da zai karɓi taro kuma yana da nasa kuɗin daban.