Shugabancin 'Yan Sa-kai: Misali Daga Turbar Afalashiya ta Ƙasar Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan yadda ake shugabantar mutanen da ba a biyan su ladar aiki. An ɗauko misali daga Turbar Afalashiya, wato wata hanyar ƙafa da ta ratsa tsaunukan gabashin Amurka. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500. Ta faro daga Dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ƙare a Dutsen Katahdin a jihar Meyin, bayan ta bi ta jihohi 14. Mutane kan bi ta ne a ƙasa domin shaƙatawa da motsa jiki, wasu na yini ɗaya, wasu kuwa sukan yi wata biyar zuwa bakwai su takata daga farko har ƙarshe. Abin lura shi ne, mafi yawan aikin share ta da gyara ta 'yan sa-kai ne ke yin sa, tun daga shekarun 1920 har zuwa yau.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Turba ita ce siririyar hanya wadda ƙafa ta fitar. Idan aka daina bin ta, aka kuma daina share ta, ciyawa da itatuwa kan cinye ta cikin 'yan shekaru.

Ɗan sa-kai shi ne wanda ya shiga aiki don kansa, ba a tilasta shi ba, ba a kuma biya shi ba. Ya kamata ɗalibi ya bambanta sa-kai da gayya. Gayya takan ƙare a yini ɗaya ko biyu, kuma akwai mai gona da ya kira ta. Aikin da ake magana a kansa a nan ba shi da ranar ƙarewa, kuma turbar ba mallakar mutum ɗaya ba ce.

Ƙungiyar da ba ta neman riba ita ce wadda duk kuɗin da ta samu yake komawa cikin aikin da aka kafa ta dominsa. A Amurka, irin waɗannan ƙungiyoyi kan sami sassaucin haraji, amma dole su riƙa bayyana wa hukuma lissafin kuɗinsu kowace shekara.

3.0 Shugabanni Biyu

A shekarar 1921 wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ya buga maƙala inda ya ba da shawarar a fitar da doguwar turba a kan tsaunukan Afalashiya, domin ma'aikatan birane su sami wurin hutawa. An buɗe kashin farko a jihar Niyu Yok a 1923. A 1925 aka yi taro a birnin Washinton, aka kafa ƙungiyar da za ta haɗa kan masu aikin, wadda ake kira ATC a taƙaice. Amma aikin ya yi ta jan ƙafa, domin MacKaye mutum ne mai tunani da rubutu, bai ƙware wajen rarraba aiki ba.

Wanda ya motsa al'amarin shi ne Myron Avery, wani lauya ɗan asalin jihar Meyin. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yankin kogin Potomac a 1927, sannan ya shugabanci ATC daga 1931 zuwa 1952, ba tare da albashi ba. Ya yi ta yawo yana kafa ƙananan ƙungiyoyi, yana aika wasiƙu yana tambayar inda aka kwana. Ya riƙa tura wilin keke mai na'urar ƙirga tazara domin auna turbar, har ya zama mutum na farko da ya taka dukanta, kashi-kashi, a 1936. An san shi da zafin rai, kuma ya ɓata da mutane da dama.

Babban saɓaninsa da MacKaye ya taso ne lokacin da gwamnati ta shimfiɗa titin mota a kan tsaunukan jihar Bajiniya, daidai inda turbar ta bi. MacKaye ya ce a yi tsayin daka a ƙi, domin turbar da ke jin ƙarar mota ta rasa manufarta. Avery ya ce a kauce wa titin, a ci gaba da aiki. Ra'ayin Avery ne ya yi rinjaye, MacKaye ya janye jiki a 1935. An kammala turbar ranar 14 ga Agusta, 1937.

Kammalawar ba ta daɗe ba. Guguwar 1938 ta kayar da itatuwa a arewacin turbar, wani sabon titi ya cinye wani sashe a kudu, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke matasa, man fetur kuma ya yi wuya. Daji ya rufe wurare da yawa. Ba a sake haɗe turbar gaba ɗaya ba sai a 1951, shekara ɗaya kafin rasuwar Avery.

4.0 Yadda Aka Tsara Aikin

Shugaban 'yan sa-kai ba shi da albashin da zai yanke, ba shi da ikon korar kowa daga aikin da yake ci da shi. Wanda ya ji haushi sai ya yi zamansa a gida ranar Asabar. Saboda haka tsarin ya dogara ne a kan abubuwa huɗu.

Na farko, rabon aiki. An kasa turbar tsakanin ƙungiyoyi kimanin 30. Kowace ƙungiya kuma ta yanka rabonta zuwa gajerun sassa, ta damƙa kowane sashe ga mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan. Idan itace ya faɗi ya tare hanya, an san wanda za a tambaya.

Na biyu, ƙa'ida ɗaya. Alamar turbar ita ce shafin farin fenti a jikin itace ko dutse, faɗinsa inci 2, tsawonsa inci 6. Matafiyi zai ga wannan alama daga Jojiya har Meyin, ko da yake dubban hannuwa ne suka shafa ta. Haka kuma akwai rumfunan kwana fiye da 250, mafi yawansu masu bango uku, waɗanda ƙungiyoyin ke kula da su.

Na uku, zaɓe da lissafi. Membobi ne ke zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji da mai kula da turba. Yawancin aikin waɗannan mutane ba a daji yake ba. Taro ne, da rubuta rahoto, da ƙirga awoyin da aka yi, da horar da masu riƙe zarton inji, domin ba a barin mutum ya yi amfani da shi a filin gwamnatin tarayya sai da takardar shaidar horo.

Na huɗu, yarjejeniya da hukuma. Da can turbar ta bi ta filayen mutane da yawa bisa alkawarin baki, kuma mai fili yana iya sayarwa ko ya rufe. A 1968 aka sa hannu a dokar da ta ba turbar kariyar gwamnatin tarayya, a 1978 kuma aka amince da ƙarin kuɗin sayen filaye. A 1984 hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta ƙasa ta miƙa wa ATC da ƙungiyoyinta ragamar kula da filayen da ta saya. Ƙasar ta gwamnati ce, aikin yau da kullum na 'yan sa-kai ne. Yanzu kusan dukan turbar tana kan filin jama'a.

5.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce ta magaji. Waɗanda ke da sukunin riƙe muƙami galibi masu ritaya ne, kuma mutum ɗaya kan riƙe aiki shekara da shekaru har ya gaji. Idan ya sauka bai koyar da kowa ba, sai ya tafi da duk abin da ya sani, kamar inda ruwa ke zaizaye hanya da kuma maƙwabcin da ake lallaɓawa. Hausawa sun ce sarki goma zamani goma, amma turba ba ta jure wa giɓi tsakanin zamani da zamani.

Matsala ta biyu ita ce dangantaka tsakanin 'yan sa-kai da ma'aikatan albashi. ATC tana da ma'aikata, da hedkwata a garin Harpers Ferry, kuma ta sauya cikakken sunanta a 2005 zuwa Appalachian Trail Conservancy. Ma'aikaci yana ofis kullum, ɗan sa-kai kuwa sai ƙarshen mako. Idan ba a kula ba, shawara takan koma hannun wanda ke ofis, mai riƙe gatari ya ji an mai da shi ɗan aike.

Ta uku ita ce bala'in yanayi. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta yi ɓarna mai yawa a kudancin turbar, har aka rufe wasu sassa. Ƙungiyoyin da suka riga suka horar da mutanensu su ne suka fito da zarto da diga, tare da ma'aikatan hukuma, suka shiga buɗe hanya.

6.0 Kammalawa

An ga yadda MacKaye ya kawo tunani, Avery ya mai da shi aiki, da yadda turbar ta ɓace a wurare da dama da zarar hannuwa suka yi ƙaranci. Daga nan za a fahimci cewa aikin shugaban 'yan sa-kai shi ne ya yanka babban aiki zuwa abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, ya bayyana ƙa'ida, ya riƙe amanar kuɗi, ya kuma horar da wanda zai gaje shi tun yana da sauran ƙarfi.