"Ai ban taɓa ta ba": hoton sata da hujjojin masu ɗauka

A majalisun samari na Gummi, Anka da Bukkuyum akwai maganganun da ke yawo game da ɗaukar mace hoto a ɓoye, tana wanki a bakin gulbi, ko ta sunkuya a kasuwa, ko ta saki jiki wajen kamun amarya. Wasu gaskiya ne, galibi kuwa kare kai ne.

"Ai ban taɓa ta ba, kallo ne kawai." Wannan hujja ta rushe tun kafin a ƙera waya. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 30 a Suratun Nur kuma maza ta fara umarta da runtse ido. Mai leƙe ta katanga yana gani sau ɗaya. Mai kyamara ya mayar da leƙen abin ajiya.

"Ita ta fito haka." To, wa ya ɓoye waya cikin hannun riga? Da abin ba laifi, da ya ɗaga ta a fili.

Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce wai ƙauye ba sabis, hoto ba zai je ko'ina ba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, amma Xender da Bluetooth ba ruwansu da sabis. Haka bidiyon wata 'yar fim ya karaɗe Kano a 2007, daga waya zuwa waya, har aka dakatar da shirya fina-finai. Ita ta sha jifa, masu turawa suka sha kallo. Batun "na goge" ma haka yake: abokin da ka tura wa bai goge ba.

Inda masu magana suke da gaskiya shi ne cewa doka ba ta ambaci abin kai tsaye ba. Ingila ta yi doka takanas a 2019, ɗaurin da ya kai shekara 2 ga mai ɗaukar hoton ƙarƙashin tufafi. Tamu ba ta fito ƙarara haka ba. Sai dai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta hukunta aika abin batsa a sashe na 24, in kuwa yarinya ce ƙarama, sashe na 23 ya kama har wanda ya ajiye hoton a wayarsa bai tura wa kowa ba.