Yadda Ake Lissafa Makin Ƙarfin Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, buƙatar wannan na'ura ta ƙaru a makarantu da ofisoshin Kurfi da Dutsin-Ma. Sau da yawa dillali kan nuna wa jami'in saye wata lamba, ya ce makin ƙarfin na'urar ke nan. Ya dace duk mai sa hannu a fitar da kuɗin jama'a ya san asalin wannan lamba.

Makin kwatanci ne, kamar awon hatsi da tiya. Masu gwajin kan zaɓi wata kwamfuta ta zama ma'auni, su ba ta ayyuka iri-iri, kamar matse fayil da gyaran hoto, su rubuta lokacin da ta ɗauka. Sai a ba sabuwar na'urar waɗannan ayyuka. Idan ma'aunin ya gama aiki cikin daƙiƙa 100, ita kuwa cikin 50, ta sami 2.

Wajen haɗa sakamakon ne lissafin ke da dabara. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ba ta tarawa ta raba. A ce na'ura ta sami 2 a wani aiki, 8 a wani. Tarawa da rabawa za su ba da 5. Amma sai a ninka 2 sau 8, a sami 16, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4. Ta haka bajinta a aiki guda ba ta rufe rauni a sauran.

Sai dai tiyar wata kasuwa ta fi ta wata. Manhajar Geekbench 5 ta ba ma'auninta, Intel Core i3-8100, maki 1,000. Geekbench 6 ta 2023 kuwa ta ba Core i7-12700 maki 2,500. Kwatanta makin waɗannan biyu yaudarar kai ne.

Akwai kuma batun zafi, wanda dillalai ba su cika ambata ba. Kwamfuta kan rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, ta tafi-da-gidanka kuma takan yi haka in ta koma kan batir. Saboda haka ana shawartar jami'ai su nemi sunan manhajar gwajin da lambarta a rubuce, sannan a maimaita gwajin a ofishin da za a yi aiki da na'urar kafin a biya kuɗi.