Ogan ɗin Majami'ar Valère da Sirrin Daɗewarsa

A kan wani tsauni da ke kallon birnin Sion na ƙasar Siwizaland akwai tsohuwar majami'ar Valère, inda ake samun ogan ɗin da masana ke lissafawa cikin mafi tsufa a duniya waɗanda har yau suke amo. Ogan kayan busa ne mai tarin bututai, kowanne da muryarsa gwargwadon tsawonsa da faɗinsa, wanda ake hura wa iska da zugazugi irin na maƙera, yayin da makaɗi yake danna madannai domin buɗe wa iskar hanya zuwa bututun da yake so ya yi sauti.

An ƙera na Valère wajen shekarar 1435, aka maƙala shi a saman bango, kuma mai zane Peter Maggenberg ya ƙawata ƙyamarensa da hotuna, ciki har da na busharar da mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu. Abin da ya fi jan hankali a tarihinsa shi ne yadda ya tsira, domin a ƙarni na 16 Furotesta masu bin koyarwar Zwingli sun kawar da kiɗa daga ibada har suka rushe ogan ɗin babbar majami'ar Zurich a 1527, alhali yankin Valais, inda Sion take, ya ci gaba da bin ɗarikar Katolika. Haka nan lokacin da Christopher Aebi ya faɗaɗa shi a 1687, ya ƙara masa muryoyi amma bai narkar da dukkan tsofaffin bututan ba, wanda hakan ba ƙaramin hangen nesa ba ne a zamanin da aka saba sake zuba tsohuwar dalma a yi sabon aiki da ita.

Daga baya manyan limaman Valère suka mayar da hidimarsu babbar majami'ar da ke cikin gari, Valère ta rage jama'a, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a musanya ogan ɗin da na zamani. Sai a 1954 aka gyara shi ya dawo da muryarsa, kuma tun daga 1969 ake shirya bikin tsofaffin kaɗe-kaɗe a majami'ar, inda makaɗa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa su kaɗa shi.