Aiki Ba Ya Tsayuwa Sai Da Turke

Maganarmu ta yau a kan takardar ayyuka ce. Mutum ya kan zauna da dare ya jera abin da zai yi gobe, ashirin ko fiye, gari ya waye, rana ta faɗi, bai cika ko biyar ba. Sai ya ɗora wa takarda laifi, ya sayi sabon littafi, ko ya koma ga wayar hannu. Alhali kuwa cutar ba a nan take ba. Aikin da ba a ɗaure shi da lokaci ba, akuya ce ba turke.

To, turaku muna da su har 5, su ne lokutan salla. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, wato 1111, a littafinsa Bidayatul Hidaya ya tsara yinin mutum tun daga farkawa har kwanciya, bisa waɗannan lokuta. Saboda haka kada ka ce, "Gobe zan kai wa wane kuɗinsa." Ka ce, "Bayan Azahar, kafin in koma rumfa." Ladan da kansa zai tuna maka.

Na biyu, ku dubi allo. Almajiri ba ya satu sai ya biya abin da ke allonsa, malam ya yarda, sannan ya wanke. Haka ya kamata mutum ya ajiye abu biyu: kundi da 'yar takarda. Duk abin da ya taso, alkawari ko saƙo, a zuba shi a kundi nan take. Da dare a tsamo uku ko huɗu a sa a 'yar takardar gobe. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin.

Na uku, wanne za a tsamo? Fiƙihu ya riga ya koya mana: wajibi na gaba da mustahabbi. Haƙƙin mutane, kamar bashi da ajiya da ladan ɗan dako, shi ne a gaba. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da rubuta bashi mai ajali. Don haka a sa suna, da adadi, da ranar biya, domin mantuwar falke asarar wani ce, kuma da ita aminci ke zubewa a kasuwa.

Na huɗu, ran Alhamis da makarantun allo ke hutu, a zauna a bi kundin daga farko kamar tilawa. Abin da aka gama a soke shi, abin da ya saura a ɗaure shi ga turkensa na mako mai zuwa.

Allah ya sa albarka a lokutanmu, ya ba mu ikon sauke amana. Wassalamu.